Yadda mai fenti zai haɗa kalmomin Ingilishi na sana'arsa

Matasan Tawa da suka koyi aikin fenti sukan tsallaka ta Birnin Ƙwanni zuwa Illela da Sakkwato neman aiki, inda rubutun jikin bokitin fenti da takardar ɗan kwangila suke zuwa da Ingilishi. Wanda ya yi boko da Faransanci yakan ɗauko tsarin Faransanci ya ɗora wa Ingilishi, sai maganarsa ta fito a karkace ko da kowace kalma daidai take. A ganina, hanyar da ta fi ita ce a haddace kalmomin yadda suke tafiya tare, a kuma bi su bisa jerin aikin kansa.

Aiki yana farawa da gyaran bango. Kankare tsohon fenti shi ne "scrape off the old paint", toshe tsaga "fill the cracks", gogewa da sanfefa kuma "sand the wall". Bayan nan ne ake shafa "primer", wanda yake sa fenti ya kama bango sosai.

Kalmar da ya kamata a fi riƙewa ita ce "coat". Ita ce dai sunan kwat ɗin da ake sawa, amma a bakin masu fenti tana nufin shafi ɗaya da ya rufe bango gaba ɗaya, abin da Faransanci yake kira "couche". Ana cewa "apply a coat of paint", kuma kada a sa "make" a wurin "apply", domin ba a haɗa su haka. Shafin farko "first coat", na biyu "second coat", kuma tsakaninsu akwai umarnin da mai gaggawa ba ya son ji, wato "let it dry", a bar shi ya bushe. A lokacin hunturu, da ƙura take sauka a kan duk abin da yake da danshi, wannan jira yana buƙatar a rufe ƙofa da taga.

A shago ba a cewa "a paint" idan ana nufin gwangwani guda. Mutanen Ingila suna cewa "a tin of paint", na Amurka "a can of paint", a kasuwannin Najeriya kuwa za a ji galan mai lita 4 da "drum" mai lita 20. Fentin ruwa na bango shi ne "emulsion paint", mai ƙyalli na ƙofa da ƙarfe "gloss paint". Idan ya yi kauri sai a ce "thin the paint", wato a tsinka shi, na farkon da ruwa, na biyun kuma, da yake na mai ne, da tina.

Akwai tarko ɗaya da nake so a kula da shi. Allon gargaɗin da ake rubuta wa "peinture fraîche" a Yamai, da Ingilishi "wet paint" ake rubutawa. Ita "fresh", wadda ita ce fassarar "fraîche" kai tsaye, wurinta yana cikin "a fresh coat of paint", wato sabon shafi a kan gidan da ya tsufa.

Idan mai gida ya ce "the paint is peeling", fentin ne yake ɓarewa, sau da yawa saboda danshi ko rashin gyaran bango tun farko. Idan ya ce "the colour has faded", rana ce ta ci launin. In kuwa ya nemi "touch up", ƴan wuraren da suka lalace kawai yake so a taɓa, don haka a tambaye shi da kyau kafin a yanka masa kuɗin ɗaki sukutum.