Kurakuran masu zuba jari idan zamba ta fito fili a kamfani

Babban kuskure, wanda ya fi cinye dukiya, shi ne ci gaba da gaskata littattafan kamfanin da aka kama da ƙarya. Farashi ya faɗi da rabi, sai mutum ya ce araha ta samu, ya ƙara saye. Araha a kan wane lissafi? Ranar 18 ga Yunin 2020 masu binciken asusu na EY suka ƙi sa hannu a lissafin Wirecard, kamfanin hada-hadar biyan kuɗi na Jamus, saboda ba a ga Yuro biliyan 1.9 ba. Hannun jarin ya faɗi da fiye da kashi 60 cikin ɗari a yini guda, bayan mako ɗaya kamfanin ya kai kansa kotu ya ce ya karye. Parmalat ma, kamfanin madara na Italiya, a 2003 kusan Yuro biliyan 4 da ya ce yana da su a Bank of America takardar jabu ce. Ni ƙa'idata, da zarar an kama ƙarya ɗaya, duk kuɗin da banki bai tabbatar da kansa ba sifili nake rubuta masa, in fara lissafi daga kadarar da za a iya sayarwa.

Sai rashin sanin wa ka ba bashi. Abin haushi ne a ga mai riƙe da takardun bashi bai karanta yarjejeniyar ba sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Uwar kamfani ce ta ci bashin ko reshe? Akwai jingina? Idan kadarorin suna reshe, masu bin reshen bashi za a fara biya. A kowane kamfani masu jingina ne a sahun gaba, mai hannun jari na ƙarshe, galibi hannu rabbana.

Akwai kuma sayarwa cikin firgici, daidai lokacin da asusun zuba jarin da dokarsu ta hana riƙe takardun da darajarsu ta faɗi suke zubar da nasu. A Oktoban 2008 an ƙiyasta takardun bashin Lehman Brothers, bankin Amurka da ya karye, a ƙasa da senti 9 kan kowace dala, daga baya masu su suka karɓi fiye da senti 40. Amma a sa lokaci a lissafi: idan kana neman ribar kashi 15 a shekara, senti 40 bayan shekara biyar senti 20 ne a yau.

Kada wa'adin shigar da takardar neman haƙƙi a kotu ya wuce ka. Kuɗin da kake sa ran samu daga kai ƙarar masu binciken asusu kuwa, kada ka sa shi a lissafi sai ya shigo hannu.