Zaman jiran iska a gaɓar Sudan

In gidanka jirgin ruwa ne mai filafilai, kana haurawa Bahar Maliya daga Sawakin (inda alhazanmu na da suke tsallakawa Jidda) zuwa Suwes, iskar arewa za ta tsare ka ko ba jima ko ba daɗe. A wannan yankin kusan duk shekara ta gabanka take busowa, raƙuman ruwa kuma a jere suke kusa da juna, ƙaramin jirgi ya yi ta dukan ruwa ba ya gaba. Ni da zarar hasashen yanayi ya nuna za ta tsananta, mafaka nake nema tun da sauran haske.

Mafakar ita ce marsa, lungun da teku ya kutsa cikin hamada ta tsakanin duwatsun murjani, irin Khor Shinab a arewa da Bur Sudan. Ka shiga tsakanin hantsi da azahar, rana na sama ko ta bayanka, wani ya tsaya a goshin jirgi yana duban launin ruwa. Shuɗi mai duhu zurfi ne, ƙasa-ƙasa kuwa dutse ne dab da sama. Idonka ya fi taswira a nan.

Aikin duka a anka yake, wato ƙarfen nan mai nauyi da ake sakewa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi. Nemi yashi ka sake ta, don murjani yana sarƙe sarƙa, kai ma kana lalata shi. In zurfin daga goshin jirgi zuwa ƙasa mita 6 ne, saki sarƙa mita 30, in iskar ta yi tsanani ka kai 42. Ja da baya da inji har ta kama sosai. Ɗaura igiyar nailan mai miƙewa a jikin sarƙar ta riƙa shanye fizga, ka naɗe ta da tsumma inda take gogar ƙarfe, ka duba wurin safe da yamma. In ruwan garau ne, nutsa ka ga ankar da idonka, wannan ke sa ni barci. Saita ƙararrawar GPS da za ta kaɗa in jirgi ya bar wurinsa, sannan ka riƙe alamu biyu a tudu, in sun goce ka san jirgi na jan anka.

Naɗe filafilai tamau, rufe tagogin gefen iska, don ƙura na shigowa kamar ta hunturu a Agadas. Yi tsimin ruwan sha tun ranar farko, wanke-wanke da ruwan teku. Kada ka sauka tudu ba izini, balle tun yaƙin da ya ɓarke a 2023.

Zaman ne ke cin rai. Ƙugin iska a igiyoyi dare da rana yana sa mutane faɗa kan abin banza, shi ya sa nake raba wa kowa aiki: canjin man inji, ɗinkin filafilai, kwaɓa gurasa. Ran da ta lafa kuma kada ka zabura, teku ba ya kwanciya tare da iska. Ka ƙara masa dare guda, ka tashi da sassafe ta hanyar da GPS ya zana maka ranar shigowa.