Yadda Ake Auna Tasirin Shirin Gwamnati: Misalin Ciyar da Ɗalibai

Rahoton da ya ce an ciyar da yara dubu kaza, kwanuka kawai ya ƙirga. Shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayyar Najeriya ta ƙaddamar a 2016, kan naira 70 kowane yaro a rana daga aji ɗaya zuwa uku, an kafa shi ne don yara su riƙa zuwa makaranta, jikinsu ya yi ƙwari, manoma da masu girki kuma su samu ciniki. Waɗannan ne abin aunawa, kuma ana fara aikin tun ba a ɗora tukunya ba.

A fara da ɗaukar alƙaluman farko: yara nawa ke aji, nauyinsu da tsayinsu, da ko ɗan aji biyu zai iya karanta jimla ɗaya ta Hausa. In aka bari sai shiri ya yi shekara, babu abin da za a kwatanta da shi.

Kada a dogara da rajista. Tunda da yawan sunaye ake ware kuɗin abinci, rajista takan kumbura. A je ba sanarwa, a ƙirga kawuna sau biyu, kafin rabon abinci da kuma awa ɗaya bayansa, domin akwai yaran da suna suɗe kwano sai gida. A haɗa da ranar kasuwar garin, kuma zangon girbi da zangon girbi ake kwatanta shi, ba da na rani ba.

Sai makarantun kwatance, inda galibin rahotanni ke faɗuwa. Ana buƙatar makarantu masu kama da na cikin shirin waɗanda abincin bai kai gare su ba tukuna. Hanya mafi tsafta ita ce ƙuri'a. Haka aka yi a Meziko da Progresa, shirin ba iyalai matalauta tallafin kuɗi da aka fara a 1997: cikin ƙauyuka 506, an fara da 320, sauran 186 suka jira nasu lokacin. Ba wanda aka hana, tunda dama kuɗin ba zai isa kowa a tashi ɗaya ba. In kuwa kansila ko ɗan majalisa ne ya zaɓi makarantun, galibi na bakin titi da na mazaɓarsa za su shiga, sakamakon ya gurɓata. Yawan makarantu ya fi yawan yara amfani: makarantu 40 da yara 30 a kowacce sun fi makarantu 4 masu yara 300. A nisanta su da juna kuma, don yara kan tsallaka daga makarantar da ba abinci zuwa mai abinci, sai a ga ƙari alhali ƙaura ce.

Lissafin ba wuya. A ce halarta ta tashi daga kashi 60 zuwa 75 a makarantun shirin, a na kwatance kuma daga 60 zuwa 68. Tasirin shirin 7 ne, ba 15 ba. Sauran ko ba abinci zai samu. A raba dukkan kuɗin da aka kashe, har da sufuri da alawus ɗin masu sa ido, da wannan ƙarin. A kuma tambayi masu girki kwana nawa suka dafa a zangon, don jinkirin biya yakan tsayar da girki makonni.

Siyasar abin tana cikin takardar kwangila. Ma'aikatar da ke gudanar da shiri bai kamata ta riƙe kuɗin mai binciken ba, balle ta ɗaure kason ƙarshe da amincewarta da rahoton. Mai jiran biya ba ya faɗin gaskiya mai ɗaci. A rubuta ma'aunan nasara tun farko, kada a sauya su in sakamako bai yi daɗi ba. A sa ranar fitar da rahoto, a kauce wa watannin kamfe, a kuma amince za a saki ainihin alƙaluman, bayan an cire sunayen yara, don jami'o'i da 'yan jarida su sake lissafi. Binciken Progresa wata cibiyar binciken manufofin abinci ce daga waje, IFPRI, ta yi shi, kuma hakan ya taimaka shirin ya tsira bayan sauyin jam'iyya mai mulki a 2000, sai suna da aka canza masa zuwa Oportunidades. Duk da tarin shaidar, wata gwamnatin ta rufe shi a 2019.