Kafin ka biya dila kuɗin sabis ɗin mota na shekara uku gaba ɗaya

Wata ranar Alhamis bayan la'asar kawuna ya kira ni daga ofishin wani dilan motoci a Kano. Ya yi ritaya, an biya shi haƙƙoƙinsa, ya haɗa da kuɗin wata gona da ya sayar, ya ce shi ma sai ya hau mota dal a leda kafin ƙarfinsa ya ƙare. An gama ciniki, har an kawo masa lemo, sai yarinyar da ke cike takardu ta ciro wata takarda ta daban. Ta ce idan ya ƙara wasu kuɗi yanzu, shekara uku ba ruwansa da kuɗin sabis, nasa kawai ya kawo mota a yi mata juye, wato canjin baƙin mai, ya kama hanya.

"Ɗana, kai ka san harkar nan. In biya?"

Na ce, "Kawu, ku ajiye biron tukuna. Ku sa ta ɗauki hoton takardar gaba da baya ta turo mini, har da ƙananan rubutun nan na ƙasa."

Na yi shekara tara a teburin karɓar motoci na garejin wani dila, kuma ni ma na tallata wa mutane irin wannan tsari da bakina. Na ga waɗanda ya yi wa rana, na ga waɗanda kuɗinsu suka tafi a banza. Bambancin ɓangarorin biyu ba sa'a ba ce, lissafi ne da ake iya yi a kan 'yar takarda cikin minti ashirin. Ga yadda na bi da takardar kawu, haka kuma nake so kowa ya bi da tasa.

Da farko ka san abin da ake sayar maka. Wannan tsari ba garanti ba ne, ba kuma inshora ba. Garanti alkawarin kamfanin da ya ƙera motar ne cewa idan wani abu ya lalace saboda kuskuren ƙira zai gyara. Inshora ta haɗari ce da sata da gobara. Shi kuwa wannan, kuɗin sabis na yau da kullum ne ka biya tun kafin lokacinsa ya zo: baƙin mai, filtar mai, wani lokaci filtar iska da ta esi, juya tayoyi, da dubawa. Yawanci babu taya a ciki, babu batir, babu waifa, babu shokozoba, babu kuloci, kuma sau da yawa babu lainin birki. Waɗannan kuwa su ne hanyoyinmu suke ci. Na sha ganin mutum ya zo da takardarsa a hannu yana cewa ai ya biya komai, a ce masa birkin gaba ya cinye, ga kuɗinsa daban. Ransa ya ɓaci, alhali tun ran farko abin yana rubuce a shafi na biyu.

Sai ka tambayi abin da motar ta zo da shi kyauta. A Amurka sabuwar Toyota tana zuwa da sabis kyauta na shekara 2 ko mil 25,000, wato kimanin kilomita 40,000, BMW kuma shekara 3 ko mil 36,000. Mu ma a nan wasu dilolin kan ba da sabis na farko kyauta, ko su yafe kuɗin aiki ka biya na mai kawai. Idan tsarin da ake tallata maka ya fara ƙirga daga ranar da ka ɗauki mota, to akwai yiwuwar ka biya kuɗin abin da dama naka ne.

Daga nan ka buɗe aljihun gaban mota ka ciro littafin kulawa da kamfani ya saka. Wannan littafi shi ne alƙali tsakaninka da dila. Ka ɗauki biro ka bi jerin ayyukan da ke takardar tsarin ɗaya bayan ɗaya, ka raba su gida biyu: waɗanda aka ce za a canza, da waɗanda aka ce za a duba. Za ka ga jeri mai tsawo, abu talatin ko arba'in, amma mafi yawansu dubawa ne. Duba fitilu, duba hon, duba ruwan gilashi. Dubawar tana da amfani, ban raina ta ba, sai dai ba ita ce mai cin kuɗi ba. A kilomita 40,000 na farko sabuwar mota kusan mai da filta kawai take nema. Manyan ayyuka suna can gaba. Fulogin iridiyom yakan kai kilomita 100,000 ko fiye. Ruwan lagireto mai launin hoda da Toyota ke zubawa daga masana'anta, canjinsa na farko sai wajen kilomita 160,000 ko shekara 10. Ka ga kenan tsarin shekara uku ya ƙunshi lokacin da mota ta fi arahar riƙo, ya ƙare daidai lokacin da za ta fara neman kuɗi.

Wurin da na fi so mutane su tsaya shi ne tazarar sabis. Yawancin tsare-tsaren nan an gina su a kan juye duk bayan kilomita 10,000. Amma ka ƙara buɗe littafin, akwai wani jadawali na biyu na motar da ke aiki a yanayi mai tsanani, kuma ga abin da ake nufi da tsanani: hanya mai ƙura, gajerun tafiye-tafiye, yawan tsayuwa inji yana aiki, ɗaukar kaya masu nauyi. Wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Kurna da rana tsaka a watan Afrilu, esi a kunne, ya san da mu ake. A wannan jadawali juye yakan dawo kilomita 5,000 ko wata shida. Wata shekara a tsakiyar hunturu an kawo mana wata mota da ta yi kilomita 6,000 kacal bayan sabis. Yaron gareji ya zare filtar iska ya buga ta a kan siminti sau ɗaya, jar ƙura ta zubo ta yi tsibi kamar an zazzage garin barkono, takardar filtar da aka saka fara ta koma kalar bulo. Mai motar yana da tsari, amma tsarin ya ce canjin filtar iska sai a kilomita 30,000. Daga aljihunsa ya biya sabuwa, kuma ya yi daidai da ya biya. Don haka ka tambaya ƙarara: juye nawa ne a ciki, a wace tazara, da wane mai? A rubuta maka lambar man, 5W-30 ne ko 0W-20, kamar yadda littafin motarka ya ce, da lita nawa. Idan tsarin na kilomita 10,000 ne kai kuma motarka tana bukatar 5,000, rabin juyen da za ka yi ba ya cikin abin da ka biya.

Yanzu lissafi. Ka fita daga ofishin ciniki ka zagaya bayan gini wajen masu sabis, ka tambaye su farashin kowane sabis ga wanda ya zo da kuɗinsa a hannu yau. Kada ka ce musu an yi maka tayin komai. Mu ƙaddara tsarin na shekara 3 ne ko kilomita 60,000, duk wanda ya riga zuwa, sabis shida, an sa masa naira 900,000. Mu ƙaddara kuma kowane sabis naira 160,000 ne idan za ka biya da kanka. Shida sun kama 960,000. Ribarka 60,000 kenan, amma fa sai ka ci sabis shidan duka. Kawuna tafiyarsa daga gida zuwa masallaci ce, kasuwa, asibiti ranar ganin likita, sai ɗaurin aure a ƙauye jefi-jefi. Da ƙyar yake yin kilomita 7,000 a shekara. A shekara uku bai wuce 21,000 ba. Takardar da aka ba shi ta ce sabis yana zuwa ne a kilomita 10,000 ko shekara guda, wato sau uku kawai zai amfana kafin wa'adi ya cika. Uku a wancan farashi 480,000 ne. Sauran 420,000 sun zama na dila ba tare da ya kwance ko noti ɗaya ba. Ga shi kuma a Katsina yake zaune, garejin yana Kano, kimanin kilomita 170. Kowane sabis tafiyar kilomita 340 ce zuwa da dawowa, da kuɗin fetur, da wuni guda na dattijo a kan hanya.

Amma akwai wanda tsarin ya yi wa rana sosai, kuma zalunci ne in ɓoye wannan. Wani ɗan kwangila da nake karɓar Hilux ɗinsa ya biya nasa a farkon 2023. A lokacin dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Baƙin mai da filta kusan duk daga waje ake kawo su ko kayan haɗa su, farashinsu ya bi dala. Injin dizal na Hilux yana shan sama da lita bakwai a kowane juye. Mutumin nan kullum yana hanyar Kano zuwa Abuja, ya cinye sabis ɗinsa duka cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, a tsohon farashi, yayin da na bayansa a layi suke biyan ninki. A ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, kulle farashi ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai dilolin ma sun ji a jikinsu. Ka nemi layin da ke cewa kamfani yana da damar sake duba farashi, ko ya nemi ciko idan kayan aiki sun tashi. Idan wannan layi yana ciki, babban amfanin tsarin ya tafi, ka ba su ajiyar kuɗinka ne kawai. Kuma idan kai ɗan kasuwa ne mai juya kuɗi a Kwari ko Singa, ka auna abin da 900,000 za ta haifar maka a shekara uku.

Idan da bashin banki kake sayen motar, kada ka yarda a cusa kuɗin tsarin cikin bashin. Za ka riƙa biyan riba a kan baƙin man da ba a ma zuba ba tukuna.

Akwai tambayoyin da dole amsarsu ta kasance a rubuce, don maganar baki ta mai tallan ba ta bin ka gareji, kuma ba a cinikin biri a sama. Idan ka sayar da motar, tsarin zai bi sabon mai ita? Idan an sace ta ko ta yi haɗarin da ba ta gyaruwa, za a mayar maka da ragowar kuɗinka? Idan an yi maka canjin wurin aiki zuwa Fatakwal ko Maiduguri, akwai reshen da zai karɓi takardar? Idan ka makara da sabis ɗaya da kilomita dubu, ya faɗi ne ko yana nan? Mafi girma a cikinsu: wa ke tsaye bayan alkawarin, kamfanin da ya ƙera motar ko shi dilan kaɗai? Na san wani wuri da ya rufe reshensa, mutane suka riƙa zuwa da takardu suna tarar da kwado a ƙofa. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da za ka iya kai wa ƙara, amma da rasit da yarjejeniya a hannu ake zuwa wurinta.

Wata magana da ake tsorata mutane da ita ita ce garanti zai faɗi idan ba ka sayi tsarin ba. Wannan haɗa abu biyu ne da ba ɗaya ba. A Amurka tun 1975 doka ta hana kamfani ɗaure garanti da cewa lallai a wurinsa za ka yi sabis, Afirka ta Kudu ma daga Yulin 2021 ta sa a raba farashin tsarin sabis da farashin mota, mai saye ya zaɓa. A nan gida sai ka karanta littafin garantinka, domin da yawa suna shardanta a yi sabis a garejin da suka amince da shi. To ka kai can ɗin, a buga maka hatimi a littafi, ka biya na ranar. Yin sabis wurin dila abu ne daban, biyan na shekara uku gaba ɗaya abu ne daban. Ni ina goyon bayan na farkon matuƙar mota tana cikin garanti, saboda jabun mai da jabun filta sun cika kasuwa, kuma na ga injin da aka buɗe aka tarar man cikinsa ya daskare kamar kwalta.

Mai motar Kwatano kuwa, wadda ta riga ta yi shekara goma a wata ƙasa, da wuya irin wannan tsari ya dace da shi. Abin da motarsa ke nema su ne waɗancan da aka cire daga jeri. Ya samu bakanike mai amana, ya sayi mansa da hannunsa a wurin da ya yarda da shi, ya tsaya a buɗe galan a gabansa, ya ajiye ƙaramin littafi a mota yana rubuta kwanan wata da kilomita.

Da na gama karanta hotunan sai na kira kawu. Na ce, "Kawu, wannan ba naku ba ne. Ku ce musu kun gode, amma ku nemi su ƙara muku sabis ɗaya kyauta a kan na farkon, su rubuta a jikin rasit." Ya ce, "Za su yarda kuwa?" Na ce su gwada, mota suke so su sayar. Manajan ya yi ɗan jan ƙafa, daga baya ya sa hannu. Kuɗin kuma kawu ya zuba su a wani asusu daban da ba ya taɓawa sai don mota. Duk wata shida ƙanena yakan tuƙo shi zuwa Kano, a yi juye, a buga hatimi, su biya ta wajena mu ci abincin rana kafin su koma.