Yadda ake ɗinka rigar dina irin ta matan Paris na shekarun 1950

Ranar 12 ga Fabrairu 1947 Christian Dior, mai tsara tufafi ɗan Faransa, ya fito da ɗinkinsa na farko a Paris: ƙugu a tsuke, siket a baje. Ba a daɗe da gama Yaƙin Duniya na Biyu ba, a Ingila ma har 1949 sai da kati ake sayen tufafi, don haka aka yi ta surutun ɓarnar yadi. Surutun bai hana salon mamaye rigunan fitar dare na shekaru goma masu zuwa ba. Abin da nake so 'yar'uwa mai ɗinki ta gane shi ne, kyan wannan riga daga ciki yake. Tarin duwatsu ba ya tsayar da riga.

Fara da yadi mai jiki, satin mai kauri ko tafeta. Mai santsi da laushi zubewa zai yi. In faɗinsa inci 60 ne, tanadi kamar yadi bakwai, ban da shafi da net.

Kada almakashi ya taɓa shi tukuna. Yanka saman rigar a kan akoko, ki gwada a jikin mai ita, ki gyara. Gidajen ɗinkin Paris haka suke yi.

Nan aikin yake. Saman rigar hawa biyu ne: na waje da ake gani, da na ciki na auduga mai ƙarfi. A na cikin za ki ɗinka siraran hanyoyi bisa kowace gaɓa, ki zura sandunan roba masu tsayar da riga, ki goge bakinsu kada su soki mutum. Sai ki kafa ɗamara ta ribon mai tauri daidai ƙugu, daga ciki, da maɗaurinta daban. Ita ke ɗaukar nauyin siket, ita ke hana zif fashewa ana tsakiyar taro. Teloli da yawa suna tsallake ta, shi ya sa za ki ga amarya tana ta jan riga sama.

Siket kuwa da'ira ne cikakke. Raba awon ƙugu da 6.28, ƙugu mai inci 30 zai ba ki kusan inci 4¾. Da wannan za ki zana bakin ƙugun daga kusurwar yadin da kika ninka, sannan ki auna tsawo zuwa ƙasa. In kin haɗa, rataye shi ya kwana kafin kalmasa, domin inda yankan ya bi karkace sai ya saki. Washegari ki daidaita bakin tana sanye da takalmin da za ta fita da shi.

Buɗewar siket daga fatarin net take fitowa. Ɗinka shi daban, hawa-hawa, tattarar ta fi yawa a ƙasa, ki sa masa shafi don net na kartar ƙafa.

Yawancin rigunan lokacin kafaɗa a waje suke, amma akwai masu hannu zuwa ƙasan gwiwar hannu, akwai kuma 'yar gajeriyar jaket da ake ɗorawa, ita ce ta fi dacewa da mu. A ƙara da doguwar safar hannu, sarƙar lu'ulu'u da ƙaramar jaka ta riƙewa. Mayafin ya zama mara nauyi, kada ya danne ƙugun da aka sha wahalar fitarwa.