Darasi na 9: Launin sana'arku, ku riƙe shi guda kuma ido ya iya karanta shi

In kun bi hanyar kasuwar Tahoua, tun daga nesa kuka hango rumfa an shafe ta da ja jawur kun san nan ake saida katin Airtel ba sai kun karanta ko harafi guda ba. Haka cikin salula, tsanwa WhatsApp ne shuɗi Facebook ne, har tsohuwar da ba ta taɓa zama aji ba ta san inda za ta danna. Da yawa cikin masu sayen kayanmu ba su kai ga karatu ba tukuna, su launi suke riƙewa, shi ya sa za ka ji an aiki yaro an ce je ka sawo min man gyaɗa mai takarda tsanwa. To ranar da kunka canza takardar ta koma shuɗiya saboda wai ita ce mai bugawa ya ce ta fi kyau, yaro zai zo ya duba ya wuce ya sayi na wani, ku kuma kuna zaune kuna cewa kasuwa ta mutu.

Launi nawa ya kamata? Uku sun isa, in ma biyu ne babu laifi. Guda shi ne babba wanda za a san ku da shi, guda na taimaka mishi, na ukun ɗan kaɗan ne don a nuna abu mai muhimmanci kamar farashi ko lambar waya. Masu zane suna da wani ƙiyasi da suke cewa 60, 30, 10, wato babban ya ci kashi 60 na fili, na biyun 30, ƙaramin 10, ba dole ba ne a auna da ma'auni amma yana hana hayaniya. Tutarmu ma launi uku ne tun 1959, ruwan goro da fari da tsanwa, kuma ba wanda ke rikita ta. Ni dai in na ga afishi mai launi bakwai kamar an zubar da kwanon alawa, wucewa nike.

Sai dai zaɓen ba shi ne wahalar ba, riƙewar ce. Ku ce ma mai fenti tsanwa kuke so, ku ce ma mai buga takardu tsanwa, ku ce ma tela tsanwa, wallahi tsanwa uku za su kawo muku, guda kamar ganyen zogale guda kamar miyar kuka guda har ta kusa zama shuɗi, kuma kowa gaskiya gare shi. Iyayena mata kun fi kowa sanin maganin wanga abu, in za a yi ankon biki ai ba da baki ake kwatanta atamfar ba, ƙyalle ake yankowa a kai ma mai shago. To launi ma yana da nashi ƙyallen, ita ce lamba.

Cikin ordinata da salula kowane launi yana da lambar shi, ana fara ta da wagga alama # sannan abu shidda su biyo, daga cikin 0 zuwa 9 da haruffa A zuwa F. Fari shi ne #FFFFFF, baƙi #000000, ja tsantsa #FF0000, ga wata tsanwa mai duhu #006400. Ku kwafe su cikin kaye yanzu, a hankali, don harafi guda in ya kauce launin ya zama wani. Duk yaron da ke muku zane da Canva, manhajar zane ta salula da ordinata, ko wanda ke wurin buga takardu ya san wagga lamba, in kun ba shi ita gardama ta ƙare, ko a Yamai za a buga a ɗoro ma mota a kawo muku.

Amma kar ku yi mamaki in abin da kunka gani cikin salula ya fito daban bisa takarda. Gilashin salula haske yake haɗawa, ja da tsanwa da shuɗi, ana ce mishi RGB, ita ko na'urar bugawa tawada huɗu take haɗawa har da rawaya da baƙi, ana ce mata CMYK, kuma tawada ba ta kai haske ƙyalli, musamman tsanwa mai walƙiya da ruwan goro sukan fito a dushe. Don haka kafin a buga muku etiketi 500 ku ce Malam a fiddo min guda tukuna in gani, ku fita da ita waje ku duba da rana, in ta yi ku ajiye ta cikin kaye ita ce shaidarku ta gaba. Fenti kuma a dama wanda zai isa allo da ƙofa gaba ɗaya lokaci guda, a shafa kaɗan bisa guntun katako a ɓoye cikin ɗaki, don ranar Adar ba ta da tausayi, ja ma ya fi saurin koɗewa, bayan shekara in kunka ce mai fenti ya kwaikwayi na jikin ƙofa to koɗaɗɗe zai kwaikwaya.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna. Launi ya yi kyau amma rubutun bai karantuwa. Rawaya bisa fari, ruwan goro bisa ja, ruwan toka mai haske bisa fari, cikin ɗaki da dare salula na haskawa kamar ana gani, amma a liƙa shi jikin kwalba a aje bakin hanya da azahar ga ƙurar hunturu ta hau, ko malamin makaranta sai ya matse ido, balle wanda yanzu yake haɗa baƙi da wasali. Kuma daga shekara 40 ido na fara gajiya da ƙaramin rubutu, su ne ko masu cefanen gida.

Akwai awo na wanga abu. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta fidda ƙa'idar WCAG, wadda ta 2008 ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da abin da ke bayanshi ya kai 4.5 bisa 1 in rubutun ƙarami ne, 3 bisa 1 in babba ne. Baƙi bisa fari shi ne ƙarshe, 21 bisa 1. Rawaya tsantsa bisa fari ko 2 bai kai ba. Waccan tsanwa mai duhu da kunka kwafa, farin rubutu bisanta ya haura 7, ta wuce jarrabawa. Ba sai kun iya lissafin ba, mai zane yana da wurin da zai sa lambobin biyu ya gani, ku dai ku tambaye shi ko ya kai 4.5. In launinku mai haske ne kamar rawaya ba sai kun yar da shi ba, ku bar shi ya zama fili ku yi rubutun da baƙi.

Wani abin kuma da mutane ba su cika sani ba, akwai waɗanda idonsu lafiya lau amma ja da tsanwa na rikice musu, gado ne kuma maza ya fi kamawa, tsakanin Turawa kusan namiji 1 cikin 12 ne, mata ko 1 cikin 200. Wani bai ma san yana da shi ba. To in kuna saida yaji iri biyu, mai zafi murfi ja, marar zafi murfi tsanwa, kuma ba wata alama sai launin, kun ga wani bawan Allah zai kai ma yara wuta gida. Ku ƙara hoton barkono ga mai zafin ko ku rubuta ZAFI da manyan haruffa. Fitilar hanya ma haka take, jar kullum tana sama tsanwar tana ƙasa, direban da bai rarrabe su yana gane wurin da ta kama. Kuma kar a yi jan rubutu bisa tsanwa sam, ko mai cikakken gani rawa yake mishi.

Aikin gida. Kowa ya zo da takarda guda, ya rubuta sunan sana'ar shi sama, ya liƙa ko ya shafa launukan shi, gefen kowane ya rubuta lambar da kuma aikin shi, wanga na fili ne, wanga na rubutu, wanga na farashi. Waɗanda ke ƙungiya ku yi guda tare, a ba shugaba ta aje, kowace ta ɗauki hoton cikin salularta. Sannan ku kai etiketinku wurin fotokopi a fiddo da baƙi da fari, in sunan ya ɓace cikin toka to bambancin hasken bai kai ba. Na ƙarshe ku jingina kwalbar jikin bango da rana, ku kira Baba ko Inna su ja baya taki goma su faɗa muku abin da sunka gani, ku rubuto amsarsu yadda sunka faɗe ta, za mu karanta cikin aji ran Laraba.