Yadda sashen asibiti zai karrama ƙananan likitocinsa bisa abin da aka gani da ido

A manyan asibitocin Yamai, daga Babban Asibitin Ƙasa zuwa na Amirou Boubacar Diallo da ke Lamorde da asibitin haihuwa na Issaka Gazoby, wanda marar lafiya ke fara gani da ƙarfe 3 na dare galibi ƙaramin likita ne: ko ɗalibin shekarun ƙarshe daga tsangayar kiwon lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni, ko likitan da ya gama yana neman ƙwarewa a fanni ɗaya, wato DES, wadda ke ɗaukar shekara 4 zuwa 5. Jarrabawa tana auna abin da suka sani, amma babu takardar da ke rubuta wanda ya tsaya ya yi wa tsohuwa bayani har ta gane, ko wanda ya taya abokin gardi (wato zaman jiran aiki a asibiti) aiki bayan nasa ya ƙare. Sashen da yake son waɗannan halaye su yaɗu dole ya riƙa ganinsu yana kuma faɗa a fili, kuma akwai hanyar yin haka ba tare da an haifar da gaba ba.

Wa zai yi zaɓe

A kafa kwamiti na mutum 5: babban likita ɗaya, majo na sashen (shugaban ma'aikatan jinya), ma'aikacin jinya ko ungozoma da ke yin gardin dare, wakilin ƙananan likitoci da ba ya cikin takara, da mutum ɗaya daga ofishin jin daɗin jama'a na asibiti ko ɗakin awon jini. Shugaban sashe ya sa hannu a sakamako, amma kada ya zauna cikin zaɓen. Dalili shi ne yana ganin ƙananan likitoci ne a taron safe da lokacin zagayen gadaje, inda mai iya baki ke haskawa. Abin da ake son a karrama yana faruwa ne a lokacin da shi ba ya nan. Duk ɗan kwamitin da ke da dangantaka ta jini ko ta aure da wanda aka gabatar, ko shi ne ke kula da kundin digirinsa, ya fita daga ɗaki idan an zo kan sunan.

A raba takara gida biyu, ɗalibai daban, masu DES daban. In an haɗa su, na sama ne za su riƙa cinyewa kullum, tunda su ke da ikon yanke shawara.

Me ake nema

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin irin wannan shiri ke lalacewa. Idan aka rubuta "mai kirki" ko "mai haɗin kai" aka tsaya, kowa zai kawo sunan wanda yake so. A rubuta ayyuka da za a iya nunawa, a liƙa su a ɗakin gardi tun farkon zango.

A fannin aiki tare, a fara da miƙa gardi. Yaro ya shigo da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, an yi masa allurar artesunate ta farko da ƙarfe 10 na dare. Ta biyu bayan awa 12 ce, ta uku a awa ta 24. Likitan da ya cancanci yabo shi ne wanda ya rubuta sa'ar allura ta gaba a dosiye (fayil ɗin marar lafiya), ya faɗa wa mai karɓarsa baki da baki a gaban gadon, ya kuma sanar da shi cewa jinin yaron ya yi ƙasa kuma an riga an aika takarda cibiyar ƙarin jini. A ɗakin haihuwa, mace mai jijjiga da aka sa wa magnesium sulfate tana bukatar a riƙa duba numfashinta da yawan fitsarinta da motsin gwiwa. Wanda ya tsara da ungozoma wa zai duba da yaushe, ya kuma dawo ya tabbatar, ya yi aikin da ake nema. Haka wanda ya kira na sama da shi da wuri maimakon ya yi ta fama shi kaɗai don kada a ce bai iya ba, da wanda ma'aikaciyar jinya ta ce masa "Dakta, adadin nan ya yi yawa" ya sake lissafi ba tare da ya ɗaure fuska ba. A ɗakin tiyata, a duba wanda ke tsayawa a bi takardar jerin abubuwan da ake tantancewa a aikin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, ko da ana gaggawa.

A fannin tausayi kuma, abubuwan ƙanana ne a ido. Ya gaisa ya faɗi sunansa kafin ya taɓa mutum? Ya ja labule ko ya sa an rufe mace da zane kafin awo? Idan marar lafiya Zabarmanci ko Fulatanci ko yaren Buzaye kaɗai yake ji, ya nemi mai fassara cikin ma'aikata, ko ya yi ta zuba Faransanci ya wuce? Idan ya rubuta takardar magani mai layi shida ga mai jinya da ya zo daga ƙauye da 'yan kuɗi a ƙulle, ya nuna masa wanda za a saya yanzu-yanzu da wanda zai iya jira gobe? Ya sanar da uwar yaro ɗan ƙasa da shekara 5 abin da tsarin kyauta na gwamnati ya ɗauke mata? Sannan abin da ya fi duka nauyi: yadda yake sanar da rasuwa. A kira babban dangi gefe, a zaunar da shi, a faɗa da kalmomi bayyanannu, a tsaya har ya yi salati ya natsu, ba a jefa maganar a baranda ana tafiya ba.

Abu biyu kada su shiga ma'auni. Na farko, biya wa marar lafiya magani daga aljihu. Alheri ne, Allah ya saka, amma idan ya zama hanyar samun yabo, an hukunta ɗalibin da shi kansa da ƙyar yake samun kuɗin taksi. Na biyu, kwana biyu a jere ba barci. Likitan da ya gaji shi ke kuskuren adadin magani, kuma sashen da ya tafa wa wannan ya koya wa na baya su yi haka.

Tattara shaida

Takardar gabatarwa kada ta wuce rabin shafi, da tambaya huɗu: wane ne, me ya yi, yaushe kuma a wane ɗaki, wa ya gani. Ba a rubuta sunan marar lafiya ko cutarsa ta yadda za a gane shi. A ajiye akwati mai kwaɗo a ofishin majo, mabuɗi ɗaya wurinsa, ɗaya wurin wani ɗan kwamiti, a buɗe tare. Kowa na iya gabatarwa, har masu shara da masu tura keken marasa lafiya da masu gadin ƙofa, waɗanda sukan san halin kowane likita fiye da yadda ake zato. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa da baki a rubuta masa, a karanta masa ya amince.

Ra'ayin marasa lafiya da masu jinya sai an yi hattara. Muddin mutum yana kwance ba zai faɗi aibin mai yi masa magani ba, kuma kunya za ta sa ya yabi kowa. A bari sai ranar sallama, bayan an ba shi takardarsa, sannan wani da ba ya cikin masu kula da shi ya tambaya: "Inna, sannu da jinya. Cikin likitocin nan, akwai wanda ya yi muku wani abu da ba za ku manta ba?" Sau da yawa ba su san suna ba, za su ce "yarinyar nan mai gilashi da ta zo daren Talata". Jadawalin gardi zai nuna ko wace ce.

Kada a yi ƙuri'a a zauren WhatsApp. Mai yawan abokai ne zai ci, kuma cikin awa ɗaya abin zai koma na 'yan aji ɗaya ko 'yan gari ɗaya.

Yanke shawara da lokaci

A yi zaɓe duk wata 3, ko a ƙarshen kowane zangon horo kafin ɗalibai su koma wani sashe. Na shekara-shekara yana sa a tuna watan ƙarshe kawai, a manta da waɗanda suka ɗauki nauyin damina, daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓi ke cika sashen yara. Ba yawan takardu ake ƙirgawa ba: ana neman aƙalla shaida biyu daga mutane masu aiki daban, misali ungozoma da mai jinya, kan abubuwa biyu daban. Majo ya duba dosiye da jadawali ya tabbatar abin ya faru. Bayan zango biyu ko uku kwamiti ya waiwayi jerin waɗanda suka samu. Idan duk maza ne, ko duk masu aikin rana ne, matsalar tana wurin tattara shaida, sai a koma a gyara can. A wani zangon, rukunin gardi guda ne gaba ɗaya ya cancanta, likita da ma'aikatan jinya da ungozoma, to a ba su tare. In kuwa babu shaidar da ta isa, a tsallake zangon.

Ranar karramawa

Minti 10 a ƙarshen taron safe ya isa, a gayyato ma'aikatan dare da ke shirin tashi. A sanar da mutumin kwana ɗaya kafin nan, domin wasu ba sa son a ambace su cikin jama'a, kuma a mutunta hakan. Shugaban sashe ya karanta ainihin abin da aka yi, jimla uku ko huɗu: "A daren kaza, Dakta ta lura jinin da aka kawo ba rukunin marar lafiya ba ne, ta tsayar, ta koma ɗakin awo da kanta." Wannan ne ke koya wa sauran abin da ake so.

Kyauta ta kasance mai amfani wadda sashe zai iya maimaitawa daga asusunsa: abin sauraron ƙirji mai kyau, na'urar awon iskar jini ta yatsa, littafin fanni, ko kuɗin rajistar taron ƙwararru. Kada a karɓa daga wakilan kamfanonin magani, don kada ƙaramin likita ya fara aiki da jin ana binsa bashi. Abin da ya fi daɗewa shi ne wasiƙa mai hatimi da sa hannun shugaban sashe, kwafi ɗaya gare shi, ɗaya a dosiyensa na tsangaya, tana bayyana aikin dalla-dalla. Za ta yi masa amfani ranar da zai nemi gurbin DES ko horo a waje. Idan za a ɗauki hoto, a ɗauka a ofis, ba a cikin ɗakin marasa lafiya ba. Waɗanda aka gabatar ba su samu ba, majo ya miƙa wa kowannensu kwafin abin da aka rubuta a kansa a cikin ambulan, bayan an cire sunan wanda ya rubuta.